Fada Irimiya, Wanda Na Ari Tafiyarsa

Ina cikin aji ina rubutu a allo wayata ta fara motsi a aljihu. Ban saba ɗaukar waya a gaban ɗalibai ba, amma da na duba na ga katikis ne, wato mai taimaka wa fada a cocin ƙauyen da Fada Irimiya yake zaune, sai na fita baranda. Bai tsawaita gaisuwa ba. Ya ce, "Malam Istifanus, sai haƙuri. Fada ya rasu da safen nan." Ya ce Fada ya idar da sujadar Mas lafiya, ya gaisa da tsofaffi a bakin ƙofa, ya zauna a benci don ya huta, daga nan bai sake tashi ba. Na yi masa godiya, na koma aji, na tsaya ina kallon jimlar da na bari rabi a allo, na rasa yadda aka yi na fara ta. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce su karanta littafinsu, na ɗauki jakata na tafi gida da ƙafa.

Mutane da yawa za su yi magana a kan Fada Irimiya, kuma akwai waɗanda suka fi ni cancanta. Amma akwai abin da ya shiga tsakanina da shi wanda duk mutumin Keffi da ya san shi ya san wani ɓangare nasa. Ni ne na fito a fim a matsayin fada, na yi tafiya irin tasa, na yi magana irin tasa, har gari ya kasa raba ni da shi. Ba zan iya tuna shi in tsallake wannan ba.

Ina ɗan sakandare aka kawo shi cocinmu, yana saurayin fada, dogo, mai murya. Yana ɗan ɗingishi a ƙafar hagu saboda haɗarin babur da ya taɓa yi, kuma idan zai faɗi magana mai nauyi sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya yi gyaran murya, sannan ya faɗa. Yana da saurin fushi, fushin kuma ba ya kwana. Yana son tuwon dawa da miyar karkashi, yana son a ce wa'azinsa ya yi daɗi, kuma bai taɓa ɓoye ko ɗaya daga cikin biyun ba. Babur ɗinsa shi yake gyara abinsa a gindin mangwaron gidan fada, da singileti, hannu duk baƙin mai. Idan ya bi ta kasuwa, mahauta da masu shayi suna kiransa kamar yadda mu 'yan coci muke kiransa, shi kuma ya san sunan 'ya'yansu. Na taɓa ganinsa ya tsaya a asibiti yana yi wa wani tsoho fifita da kwali, tsohon da ba ɗan cocinmu ba ne, ba ma Kirista ba ne, don kawai 'yarsa ta je neman ruwan zafi ta bar shi shi kaɗai.

Abin da muka fi saninsa da shi mu matasa shi ne kallon ranar Lahadi. Bayan an ci abincin rana sai ya buɗe zauren coci, a rufe tagogi da tsofaffin barguna, a tayar da janareta, a ɗora talabijin a kan tebur. Yaran Angwan Iya ma suna zuwa, Musulmi, su cika bencin baya, ba wanda ya taɓa tambayarsu addininsu. Yana sa mana fim iri-iri, amma waɗanda ya fi so su ne na ƙasashen waje da ake nuna fadoci a ciki. Ba kuma fadocin da suke haskakawa kamar mala'iku ba. Muna ganin fada mashayi wanda hannunsa ke rawa, amma idan aka kira shi wurin mai mutuwa sai ya ratsa daji ya je. Muna ganin babban shugaban coci mai taushin murya wanda ya san an yi laifi ya rufe, yana cewa don mutuncin coci ne. Muna ganin fada mai tsarki, marar aibi ko ɗaya, wanda tsarkinsa ya kori mutane daga ƙofar Allah. Ana tsakiyar kallo sai ya tsayar da kaset, ya juyo ya ce, "To, wa ya yi ƙarya a nan?" Mu yi ta gardama, shi yana zaune a gefe yana ɓare gyaɗa.

Wata Lahadi wani yaro daga bencin baya ya ce, "Fada, me ya sa Turawa suke son zagin fadoci a fim, kai kuma kake nuna mana?" Ya yi dariya ya ce, "Ba zaginmu suke yi ba, madubi suke nema. Kowa yana faɗin abu ya aikata wani. Amma mu mun tsaya a gaban jama'a mun yi alkawari da ƙarfi, mun sa farar riga a kai. Idan kana son ka nuna yadda ɗan Adam yake saɓa wa bakinsa, ina za ka samu wanda ya fi mu fitowa fili?" Yakan kuma ce, "Duk fim ɗin da ya nuna maka mugu har ka fita kana jin daɗi cewa kai ba shi ba ne, ya cuce ka." Dattawan coci ba su ji daɗin wannan kallo ba. Sun same shi sun ce yana zubar da girman rigarsa a gaban yara. Ya ce musu gara yara su san tun yanzu cewa mutum ne a cikin rigar, kada ranar da suka gano da kansu su bar coci gaba ɗaya.

An ɗauke shi daga Keffi, ya yi shekaru a wasu wurare, sannan aka sake dawo mana da shi ya fara furfura. Ni lokacin na zama malamin makaranta, ina kuma shirya wasan kwaikwayon matasa na Kirsimeti da na Ista. An san ni da iya kwaikwayon mutane tun ina yaro. Akwai wata Rahila, ɗaya daga cikin 'yan matan da suke zama a bencin gaba a kallon Lahadi, wadda ta je ta karanta harkar fim ta zauna a Abuja. Ita ce ta zo mini da labarin da ta rubuta a kan wani fada munafuki, ta ce ni take so in fito a matsayinsa. Muka yi shawara cewa ba za mu fara ba sai Fada Irimiya ya gani, tunda a zaurensa aka haifi abin.

Ya karɓa ya karanta, ya kira mu wata ranar Asabar da hantsi. Muka same shi a baranda. Ya ce, "Rahila, kin iya rubutu. Amma wannan fadan naki shaiɗan ne aka sa wa riga. Yana sata, yana bin mata, yana dariyar mugunta idan ya juya baya. Ni na yi shekaru a cikin fadoci, ban taɓa haɗuwa da shi ba. Kuma ba wanda zai kalle shi ya ga kansa."

Ta ce, "To Fada, yaya munafukin gaske yake?"

Ya cire tabarau. Ya ce, "Mutumin kirki ne. Yana tashi addu'a da asuba, yana ziyarar marasa lafiya, mutane suna sonsa. Bari in ba ki wanda na sani."

A nan ya ba mu labarin Ayuba. Ni na san labarin sama-sama, domin ina yaro abin ya faru. Ayuba ɗan acaɓa ne, ɗan wata gwauruwa 'yar cocinmu da ake kira Mama Laraba, a Gangaren Tudu. Wata rana aka same shi a ɗaki ya sha maganin ƙwari na gona. Har yau ba wanda ya san abin da ya ci masa rai. Uwar ta zo gidan fada ta durƙusa ta roƙi a shigo da gawarsa coci a yi masa Mas. Fada ya hana. Aka kai Ayuba makabarta ba fada, ba waƙa, abokansa 'yan acaɓa ne suka haƙa kabari suka rufe. Ba a jima ba wani attajiri ɗan coci ya mutu, mutumin da kowa ya san ya ƙwace gonar marayun ɗan'uwansa, amma shi ne ya yi wa coci rufin kwano. Shi an yi masa Mas mai tsawo, Fada ya yi wa'azi a kan hannu mai bayarwa, har mutane suka yi ta yaba wa'azin.

Ya ce, "Dokar coci ba ta hana ni yi wa yaron nan addu'a ba. Na sani a lokacin. Dattawa ne suka zo suka ce idan na yarda, matasa za su ɗauka abin wasa ne. Ni kuma sabon zuwa ne, ina son a ce wannan fada yana da tsauri. Na sayi yabo da gawar ɗan mutane." Sannan ya ce, "Uwarsa ba ta fasa zuwa coci ba. Duk Asabar ita take share bagade, ita take wanke fararen mayafai. Idan ta gan ni sai ta rusuna ta ce, Fada ina kwana. Da ta zage ni da na samu sauƙi."

Rahila ta tambaye shi ko ya yarda a sa wannan a fim. Ya ce ba shi ne mai yarda ba, yaron ɗan wata ne. Shi da kansa ya kai mu gidan Mama Laraba. Muka tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar agushi a tire. Ta yunƙura za ta ɗauko masa kujera, ya hana, ya jawo turmi ya kife ya zauna a kai. Ya gaya mata abin da ya kawo mu ba tare da kwana-kwana ba, ya ce, "Mama, na zalunce ki, na zalunci Ayuba. Na daɗe da sani, girman kai ne ya hana ni zuwa."

Hannunta bai bar ɓarar ba. Ta ce, "Fada, in na ce maka na yafe, na yi ƙarya a gaban mai riga. Ina dai ƙoƙari. Duk Asabar in na ɗauki tsintsiya, ƙoƙarin nake yi." Sannan ta dubi Rahila ta ce, "'Yata, ku sa. Amma kada ku ce mashayi ne. Mutane sun ce ya sha giya ne ya haukace. Ayuba ko burkutu bai taɓa kai wa baki ba."

Muka fara aiki. Fada ya ara mini tsohuwar rigarsa, ya koya mini yadda ake ɗaura ɗamara, yadda ake ɗaga ƙoƙon jibi, inda ake sa ido idan ana sauraron mai furta zunubi. Sauran ban roƙa ba, jikina ne ya ɗauko. Fada ɗaya na sani tun ina yaro, saboda haka da aka kunna kyamara sai ƙafata ta hagu ta fara ja, hannuna ya kai ga tabarau, maƙogwarona ya yi gyaran murya. Duk waɗanda suke wurin suka kwashe da dariya, ni kuma na ji daɗin dariyar. Ranar da ya zo kallon ɗauka ya tsaya a gefe har aka gama, ya ce, "Istifanus, haka nake tafiya?" Na ce, "Haka, Fada." Ya ce, "To, Allah ya kyauta. Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Mutumin da ya ɗauki nauyin fim ɗin a Abuja ya ce labarin gawa kaɗai ba zai ja masu kallo ba. Ya dage sai an mayar da wani yanki na tsohon rubutun, inda fadan yake da wata mace a ɓoye, 'yar ƙungiyar mawaƙa. Rahila ta yi gardama ta gaji. Aka ɗauka, da ƙafar nan mai ja, da tabarau ɗin nan. Kafin a saki fim ɗin muka kai wa Fada ya kalla shi kaɗai. Da aka zo wurin, na kasa ɗaga kai. Ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Wannan ɓangaren ba nawa ba ne. Amma ba zan ce babu shi a cikinmu ba, in na ce haka na yi ƙarya. Ku bar shi." Na ce, "Fada, mutane za su ce kai ne." Ya ce, "Mutanen Keffi sun san ni." A wannan kaɗai na taɓa ganin ya yi kuskuren karanta mutane.

Fim ɗin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Ya shiga gidaje, ya shiga wayoyi, aka yi ta kallonsa a shagunan aski. Ni kuma aka sauya mini suna. Ko'ina na bi sai in ji "Fada, Fada", 'yan acaɓa suna ɗaga mini hannu, yara suna bina suna jan ƙafa. Amma a cikin coci wani abu dabam ne ya fara. Mutane suka ce wannan ba ƙirƙira ba ce, tona asiri ne, ai ga tafiyarsa, ga tabarau ɗinsa. Aka fara lissafa 'yan matan da suka taɓa yin waƙa a coci, ana neman wacece. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga koyon waƙa. Wasu suka koma wata cocin yin Mas. Matan da suke kai masa abinci suka fara aiko yara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a duk wannan surutu ban ji mutum ɗaya ya ambaci Ayuba ba. Gari ya kama abin da bai faru ba ya riƙe gam, ya tsallake wanda ya faru a gaban idonsa. Kuma cikin dattawan da suka je wurin manyan coci suka nemi a ɗauke Fada, akwai waɗanda da bakinsu suka ce masa kada ya bari gawar yaron ta shigo.

Na same shi a gindin mangwaro na ce ranar Lahadi zan tashi bayan sanarwa in gaya wa jama'a cewa maganar mace ƙirƙira ce, ni da Rahila mun san inda ta fito. Ya ajiye sifana ya goge hannu. Ya ce, "In ka ce wannan ƙarya ne, za su ce ashe duka fim ne kawai. Za su zo su ba ni haƙuri, su kawo mini kaji, kowa ya koma gida da zuciya fara. Za su wanke ni gaba ɗaya, ni kuwa ban wanku ba. Kada ka tashi."

Na ce, "Amma Fada, ana ɗora maka abin da ba ka yi ba."

Ya ce, "Na yi shekaru ana yaba mini a kan abin da ban cancanta ba, ban taɓa tashi na gyara ba. Yanzu ne zan fara son gaskiya, da ta zama a wajena take?"

Ban tashi ba. Na yi biyayya, kuma na daɗe ina gaya wa kaina cewa biyayya ce kawai. Amma na san shirun bai yi mini nauyi yadda ya kamata ba. A lokacin ana kirana wasu finafinan, ana gayyata ta taro, kuma fim ɗin ya fi armashi a bakin mutane muddin suna zaton gaskiya ne. Ya hana ni magana a coci, bai hana ni ƙin amsa sunan "Fada" a kan titi ba, ni kuwa ina amsawa har da ɗaga hannu. Akwai kuma 'yan matan nan da aka yi ta nunawa da baki, waɗanda ba su ci ba su sha ba. Shi ya zaɓi ya ɗauki nasa, su ba wanda ya tambaye su. Na taɓa faɗa masa haka daga baya, ya ce, "A nan na sake yin kuskure. Na duba tubana, ban duba su ba." Haka yake. Ko a cikin tubansa bai yarda a mayar da shi waliyyi ba.

Da takardar sauyinsa ta fito, ya yi sanarwa a coci cewa ranar Alhamis zai yi Mas a makabarta domin Ayuba ɗan Mama Laraba, wanda shi Irimiya ya hana wa addu'a ba bisa haƙƙi ba, kuma duk mai so ya zo. Ranar Alhamis ɗin, da a ce akwai benci, da ba mu cika biyu ba. Ga Mama Laraba, ga Rahila, ga ni, ga wasu tsofaffin mata. Can nesa kaɗan, a ƙarƙashin wata bishiya, wasu magidanta sun jingina da baburansu. Abokan Ayuba ne na acaɓa, yawancinsu Musulmi, waɗanda suka haƙa kabarin. Ban san wanda ya gaya musu ba. Kabarin ya shafe, sai da ɗayansu ya zo ya nuna wurin da ƙafa. Fada ya shimfiɗa farin mayafi a kan ƙaramin tebur, ya yi Mas cikakke, bai rage komai ba, kamar coci a cike take. Bai yi wa'azi ba. Da ya kai wurin ambaton sunan mamaci ya tsaya, ya sake ɗauka. Bayan an gama Mama Laraba ta naɗe mayafin da kanta, ta ce, "Kawo in wanke maka, Fada, ka tafi da shi da tsabta." Iyakar abin da ta ce ke nan.

An kai Fada wani ƙauye a bayan Nasarawa, inda mota ba ta shiga da damina. A can ya ƙare rayuwarsa. Na ziyarce shi, amma ba kamar yadda ya kamata ba. Kullum ina da dalili, ko jarrabawar ɗalibai, ko hanya, ko aikin fim. Gaskiyar ita ce ganinsa yana yi mini wuya. Ciwon suga ya rage masa gani, ya rame, amma ya samu wata tsohuwar kwamfuta yana tara matasan ƙauyen ranar Lahadi yana sa musu fim, shi yana saurare da kunne yana tsayarwa yana tambaya. Zuwana na ƙarshe ya sa aka dama mini kunu, muka zauna a inuwa. Ya ce, "Istifanus, tashi ka yi mini tafiyata in gani, tun idon bai ƙarasa rufewa ba." Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Kai dai kana da baiwa, kada ka binne ta saboda ni. Laifin da kake ɗauke da shi ka rage masa nauyi, rabinsa nawa ne." Na yi alkawarin dawowa bayan girbi. Girbi ya zo ya wuce ban je ba.

Ranar jana'izarsa mutanen Keffi sun cika motoci. Na ga fuskokin da suka daina gaishe shi suna share hawaye, ban kuma ce hawayen ƙarya ba ne, domin shi ya koya mini cewa mutum yana iya cutar da kai kuma ya yi kukanka da gaske. Ni ma ai a cikinsu nake. Bayan an rufe shi, wata dattijuwa mai kama da shi ta matso kusa da ni. Ta ce ita ce Saratu, ƙanwarsa, su biyu suka rage a ɗakinsu. Ta ce, "Kai ne malamin da ya yi Yaya a fim?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ni ban taɓa kalla ba. Amma tsohuwarmu ta kalla kafin ta rasu, jikoki ne suka nuna mata a waya. Ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Da Yaya ya zo gida ta kira shi ɗaki ta ce, Irimiya, abin nan gaskiya ne? Ya ce, Inna, rabi gaskiya ne."

Na ce, "Ya gaya mata wane rabin?"

Ta ce, "Ba ta tambaya ba, shi ma bai ƙara ba. Ta dai ɗora hannu a kansa ta yi masa addu'a. Haka ta tafi." Ba da faɗa ta gaya mini ba. Har ta tambaye ni iyalina, ta ce in gaishe su.

Tun ranar nake juya maganar nan. Wata tsohuwa ta ba da ɗanta ga aikin Allah, ta mutu ba ta san wanne ne laifinsa ba, kuma da ƙafata da muryata aka kai mata shakkar har ɗaki. Ya hana ni tashi a coci, na kuwa kiyaye har ya koma ga Mahaliccinsa. Yanzu na faɗa, kuma na faɗi duka biyun a haɗe, don kada wani ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Fada Irimiya bai taɓa ajiye mace a ɓoye ba, kuma babu wata 'yar mawaƙa da ta yi abin kunya da shi. Waɗanda aka nuna da baki, ni Istifanus ina neman gafararsu, su da mazajensu da iyayensu. Fada Irimiya ya hana gawar Ayuba shiga coci don a yabe shi, ya yaba wa azzalumi don ya yi rufi, ya san ya yi, ya faɗa da bakinsa, ya kuma biya da sunansa, wanda shi ne kaɗai dukiyar da fada yake da ita.

Ya Ubangiji mai jinƙai, kai da ka san abin da yake cikin kowace riga, ka karɓi bawanka Irimiya. Ka gafarta masa abin da ya furta da abin da ya manta, ka ba shi hutawa ta har abada, haskenka ya haskaka masa. Ka ji ƙan Ayuba, ka ji ƙan mahaifiyar Fada, ka haɗa su a inda babu sauran tambaya. Ka ƙarfafa Mama Laraba a tsufanta, ka cika mata ƙoƙarin da take yi. Ka ta'azantar da Saratu da 'ya'yanta da jikokinta, ka zama musu yaya tunda nasu ya tafi. Ka dubi mutanen ƙauyen da ya bari ba makiyayi, ka aiko musu da mai haƙuri irinsa. Mu kuma da muka rage, mu da muka yi magana inda ya kamata mu yi shiru, muka yi shiru inda ya kamata mu yi magana, kada ka yi mana gwargwadon abin da muka yi masa. Amin.